Baba, Wanda Ya Naɗe Kafet ɗin Aurena

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, maza sun dawo daga maƙabarta suka zauna a ƙofar gida a kan kafet ɗin aurena. Ni ban gani da idona ba, ina ciki wajen mata. Ƙanwar maigidana ce ta leƙa zaure ta dawo ta raɗa mini, tana share hawaye tana danne dariya. Jan kafet ne mai zanen furanni. Shekara biyar ya yi a ɗakina, sha biyar kuma a naɗe a saman azarar zaure, ba a sauko da shi sai ranar suna ko ranar rasuwa. Wanda ya naɗe shi da hannunsa shi ne aka dawo daga binnewa.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana. Ba zan kama sunansa ba. Ban kama yana raye ba, ba kuma yau zan fara ba. Magini ne na ginin ƙasa, asalinsa mutumin Auyo, ya zauna a Haɗeja tun yana saurayi. Duk wanda ya zo gaisuwa da nasa abin da ya riƙe. Wani dattijo da ya zo daga Auyo a bayan babur, ƙafarsa duk taɓo, ya ce ɗakin da Baba ya gina masa ruwa ya ci unguwarsu sau uku bai faɗi ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita har yau ba ta huce ba, don ya taɓa tsayawa a bakin ƙofarta ya ce ɗakinta yana warin rijiya, amma Allah Ya jiƙansa, gaskiya ya faɗa. Limamin unguwa kuwa da ya tashi yabonsa, muna jiyo shi ta kan katanga, cewa ya yi marigayi mutum ne mai kunya wanda ba ya shiga abin da ba ruwansa. Nan na cusa bakin mayafina a baki, don ni na san inda ya shiga.

Abin da ya fi ba mutane mamaki a zaman makokin nan mahaifiyata ce, Umma. A rana ta biyu dangin Iya, matar Baba, suka iso daga can wajen Barebari. Mutane ne da ba sa zuwa ko'ina ba turare. Ɗaya daga cikinsu ta nemi kasko ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren wuta mai kyau, irin wanda ake ɓoyewa a ƙasan akwati, ta nufi ɗakin da muke zaune, da niyyar girmama mamaci. 'Yata ta fari tana ciki, tana raba wa baƙi ruwa. Umma da take kukan ciwon gwiwa tun safe, sai ga ta tsaye kafin kowa ya motsa. Ta tare matar a bakin ƙofa, ta karɓi kaskon da gefen zanenta.

"Yi haƙuri 'yar'uwa," in ji ta, "gidan nan ba a shiga ɗaki da hayaƙi. Ɗaki ma numfashi yake yi."

Ta kai kaskon can ƙarshen tsakar gida ta ajiye, ta dawo ta zauna ta fashe da kuka. Baƙi suka yi ta kallonta. Ba su san maganar Baba ta faɗa ba, ba su kuma san Umma ta taɓa yin shekara guda cur ba ta gaishe shi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, yanzu da aka yi arba'in gida ya yi shiru. Ba na son a tuna da shi a matsayin mai gina ɗakin da ba ya faɗuwa kawai. Numfashin 'yata yana cikin labarinsa.

An kawo ni gidan nan ina da shekara ashirin da ɗaya, na gama karatun koyarwa, kaina yana hayaƙi. Umma ta yi mini kayan ɗaki na kece raini. Aka shimfiɗa leda tun daga bango har bango, aka ɗora kafet a kai, aka rataya labule mai nauyi ninki biyu. Ɗakin kuwa Baba ne ya gina shi, ya kuma fitar masa da taga ɗaya. Amma matan da suka zo jere suka ga babu bangon da zai ɗauki kabad ɗin kwanuka sai na tagar, don haka suka jingina shi a nan suka rufe ta ruf. Kowa ya shigo sai ya yi guɗa. Ni kaina har cewa nake yi a raina babu ɗaki irin nawa daga nan har bakin kasuwa.

Unguwarmu tana gangare, ta ɓangaren kogi. Ko shekarar da ruwa bai shigo gidaje ba, ƙasa takan sha ta ƙoshi, ta riƙa tsatstsafo da danshi daga ƙasa har bayan kaka. Duk wanda aka haifa a nan ya san haka. Ni a tudu na girma, ban sani ba. In na ji wani wari-wari a ɗaki da damina, sai in ƙara turare.

'Yata tana da shekara uku abin ya fara. Tari ne da farko, sai numfashi ya koma sama-sama, ƙirjinta yana kuka kamar an matse ɗan kyanwa. Takan zauna ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta suna ɗagawa, idonta a kaina, ba ta da iskar da za ta yi kuka da ita. Wanda bai taɓa ganin ɗansa yana neman iska ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Tsoffi suka ce fuka ce, sanyi ne ya kama ta. To ni kuwa na ɗaura yaƙi da sanyi. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Na sa mata rigar sanyi biyu. Na riƙa shigo da kaskon garwashi don ɗakin ya yi ɗumi, in watsa turare a kai, in kunna maganin sauro mai hayaƙi in tura ƙarƙashin gado. Duk abin da uwa za ta yi na yi, kuma duk abin da na yi ƙara mata yake yi.

A asibiti likita ya ce asma ce, ya rubuta mana abin shaƙa, ya nuna mini yadda ake fesa mata. Sai ya tambaye ni yadda ɗakin da take kwana yake, ko akwai danshi, ko hayaƙi, ko kafet. Na ji tambayar kamar zagi. Na ce masa ɗakina tsaf yake, sau biyu nake shara kullum. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce ba shara yake tambaya ba. Ban bari ya ƙarasa ba, na saɓi 'yata na fito ina mita. Ina da wannan halin, Allah Ya shirye ni, kuma maigidana zai ba da shaida.

Duk wannan lokacin Baba bai taɓa taka ɗakina ba. Yadda aka saba ke nan. Da safe in je bakin zaure in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon wani wuri. "'Yar nan" yake ce mini. Shekara biyar muna gida ɗaya, ban san kalar ƙwayar idonsa ba. Amma da jikarsa babu wannan. Amarya yake kiranta, ita kuma ta ce masa tsohon ango mai furfura, ta ce ba ta son shi sai ya sayo mata rake. Takan yini a gindinsa a zaure yana gyaran kayan aikinsa. Shi ne ya fara lura. Yarinya ta yini a zaure lafiya ƙalau. Aka kai ta Auyo wajen ƙanwarsa ta yi mako guda, ta dawo da kumatu, ko tari sau ɗaya ba ta yi ba. Kwana biyu da dawowarta ɗakina, ƙirji ya soma kuka.

Ya kira ɗansa ya gaya masa. Ɗansa ya zo ya gaya mini, yana zagaye-zagaye. Na ce, "Wato ɗakina ne ƙazami, ko? Ka faɗa kai tsaye mana." Maigidana mutum ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya, in dai gaskiyar za ta tayar da ni. Ya ce a bar maganar. Aka bar ta, yarinya ta ci gaba da haki.

Sai wata ranar Laraba da hantsi. Mun dawo daga asibiti ke nan bayan tashin da ya fi kowane muni, wanda leɓunanta suka canja kala a hanya. Na kwantar da ita, na ja labule, ina ƙoƙarin hura garwashi. Sai na ji sallama a bakin ƙofata, muryar namiji, har sau uku.

"'Yar nan, zan shigo."

Iya tana bakin murhu, ludayi ya suɓuce mata. Ta ce, "Malam, lafiya? Ɗakin surukarka ne fa."

"Na san ɗakin wa ne. Ni na gina shi."

Ya cire takalmi ya shigo. Ni na rasa inda zan sa kaina, na maƙale a bayan ƙofa na ja mayafi har hanci. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya rufe ido, ya ja iska a hankali ta hanci, yadda mai sayen shinkafa yake sansana ta. Sai ya je ya ɗora tafin hannunsa a bango, ƙasa-ƙasa, ya daɗe. Sannan ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗaga kusurwar kafet, ya ɗaga ledar da ke ƙarƙashi.

"Zo ki gani."

Na zo. Ƙasan ledar baƙi ƙirin, da tabo kore-kore, funfuna ta yi gashi, daɓen ya jiƙe har yana ƙyalli. Warin da ya taso ya sa na ja da baya. A kan wannan 'yata take rarrafe tun tana jaririya, a kansa take wasa, a kansa nake shimfiɗa mata in zafi ya yi yawa. Sau biyu nake share samansa kullum. Na zauna daɓas na fara kuka, rabi don tsoro rabi don kunya.

Baba bai dube ni ba. Ledar yake kallo. Ya ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Ke ba ki san ƙasar wurin nan ba, ni na san ta. Tun ranar jere na ga an shigo da ledar nan, na ga an rufe tagata da kabad. Na yi shiru don kar a ce tsoho ya sa ido a kayan amarya. Kunyata ce ta kusa kashe yarinyar nan. Yau na ajiye ta."

Ya naɗe kafet ɗin da kansa ya saɓa a kafaɗa. Ya kira ɗansa suka janye kabad, bayansa ma bangon ya yi baƙi har tsayin ƙugu. Kafin azahar duk kayan ɗakina suna tsakar gida, gado da katifa da kwanuka da akwatuna, ni da yarinya mun koma ɗakin Iya.

To a garin nan, in aka ga kayan ɗakin mace a tsakar gida, ma'ana ɗaya ce. Wata maƙwabciya ta leƙo aron turmi, ta gani, ta koma ba turmin. Kafin la'asar labari ya haye tudu ya isa wajen Umma cewa an sake ni, har an fitar da kayana, kuma surukin ne da kansa ya yi watsi da su. Umma ta iso a bayan ɗan acaɓa, ɗankwali a karkace, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ina Malam ɗin? Me ta yi muku? Shekara biyar tana durƙusa muku, sakayyar ke nan?"

Na ce, "Umma, ba saki ba ne, gyara ake yi."

Da ta gane ba saki ba ne, maimakon ta huce sai abin ya ƙara hawa, don yanzu ba 'yarta aka raina ba, kayanta aka raina. Baba ya fito daga ɗakin da diga a hannu, ƙafarsa duk laka. Ta ce masa wannan kafet ita ta je har Kano ta zaɓo shi, da guminta, ba a taɓa shimfiɗa irinsa a gidan nan ba tun da aka kafa shi. Ta ce in ɗakinsu ne yake da danshi, sai a ce kayan 'yarta ne ke da cuta? Ta ce tun da take ba ta taɓa jin suruki ya shiga ɗakin matar ɗansa ya ɗaga mata shimfiɗa ba. Baba ya tsaya kansa a sunkuye har ta gama. Sai ya yanko gefen ledar ya miƙa mata.

"Hajiya, duk abin da kika faɗa haka ne. Amma ki sansana wannan."

Ta ce ita ba akuya ba ce da za a ba ta abu ta sansana. Ta juya ta fita. Sallah biyu ta wuce ba ta aiko masa da ko ƙwayar cincin ba, in sun haɗu a wajen suna sai ta gyara mayafi ta kalli gabas.

Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Ya haƙe daɓen ɗakin har gwiwa ya kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya bar shi a buɗe ya sha iska kusan wata guda. Ya cika shi da tsakuwa da yashi, ya ɗaga shi sama da tsakar gida, ya zuba siminti ya goge shi sumul. Ya kankare bangon ya sake yaɓe. Sai ya fasa taga ta biyu a bangon da ke kallon ta farko, can sama inda mai wucewa ba zai leƙo ba, ya sa mata raga. Ya ce taga ɗaya ba ta isa, iska ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba. Da muka koma, tabarma ce kawai a ƙasa, wadda za a ɗaga kullum a kai rana. Na dubi ɗakin na ga kamar na marasa galihu, na yi kwana uku ina kumbure-kumbure. Yarinya kuwa ta yi wata biyu ba mu nemi hanyar asibiti ba.

Daga nan ya bi gidan kaf. Maganin sauro mai hayaƙi ya hana, ya sayo gidan sauro ya ɗaura wa kowa. Rumfar girki ya ɗauke ta daga kusa da tagata ya mai da ita inda iska ke kwashe hayaƙin ta yi waje da shi. Katifa da matashi ranar Juma'a sai sun sha rana. Wajen turare ne aka kai ruwa rana, don Iya ta ce ita a gidansu ko akuya ba ta kwana ba ƙamshi, ya za a yi tsofai-tsofai da ita a mai da ita mai warin daddawa. Suka daidaita a kan ta riƙa turara kayanta a bayan ɗakinta, a fili. Har ya rasu tana yi masa gorin wannan, shi kuma yana cewa ƙamshinta ya fi daɗi daga nesa.

Bai taɓa cewa gyaran ɗaki ya maye gurbin magani ba. Ciwon bai rabu da ita ba, har yau tana da shi, sai dai ya zama baƙo mai zuwa jefi-jefi. Duk safiya in za ta makaranta sai ya tare ta a zaure. "Amarya, ina makaminki?" Sai ta zaro abin shaƙarta daga aljihu ta nuna masa, sannan ya matsa mata hanya. Wani mai magani ya taɓa zuwa da ganye ya ce a turara mata ta shaƙi hayaƙin ta rufa da bargo. Baba ya raka shi har bakin titi da ladabi, ya ce masa likita da nasa aikin, magini da nasa, amma hayaƙi ba shi da aiki a ƙirjin jikarsa.

Sai maganar tantabaru. Baba ba ya shan sigari, ba ya zaman majalisa, ba ya jin rediyo in ba labarai ba. Abin da yake so a duniya tantabarunsa ne, wajen talatin, a tukwanen da ya liƙa a jikin katanga, ba nisa da sabuwar tagata. Kowace da sunanta. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini gashin tsuntsu da busasshen kashinsu suna tayar wa wasu masu asma. Na haɗiye maganar, na ce wannan kam ba zan iya ba, mutumin nan ya yi mana iya yinsa. Ashe yarinya ta ji. Da yamma tana cin rake a gefensa ta ce, "Tsoho, an ce tsuntsayenka ne suke sa ni tari."

Washegari ya zuba su a kwando biyu ya ɗaure a bayan babur ya kai wa ƙaninsa a Auyo. Ya tsaya can ya yi azahar, ya ci tuwo, ya kamo hanya. Da ya shigo gida sai ya tarar da su jere a kan katanga suna jiransa, sun riga shi isowa. Iya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ya sake kwashe su ya kai wa wani amininsa a Kaugama, ya ce a rufe su mako biyu. Aka rufe su mako biyu, aka buɗe, suka dawo. Ranar na gan shi zaune a gindin katanga, ɗaya ta sauka a gwiwarsa yana shafa bayanta, ya daɗe a haka. Da safe ya kira mahauci. Gida-gida aka raba naman a unguwa, shi bai ci ba. Ya farfasa tukwanen ya shafe gurbinsu da laka. Ban taɓa jin ya sake ambatonsu ba, amma har ya tsufa in tantabarun wani suka gifta sama sai ya ɗaga kai.

Umma kuwa Allah ne Ya kawo ƙarshen fushinta. Ta matsa a kai mata jikarta hutu, aka kai. Ɗakin Umma kafet ne har biyu, labule uku, turare safe da yamma. A kwana na uku ciwon ya tashi. Ita kaɗai ce a gida, ta goya yarinya mai shekara biyar ta fita titi ba takalmi tana tsayar da masu babur. Bayan an sallame su ba ta wuce gida ba, gidanmu ta zo. Ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama cikakkiya, ta tambayi Baba gajiya, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi ruwa, ya ce ya yi gyara. Sai ta ce, tana kallon ƙasa, "Malam, in ka samu sarari, ka zo ka duba mini nawa ɗakin." Ya ce, "To Hajiya, gobe in Allah Ya kai mu." Iyakar ban haƙurin da aka yi ke nan, kuma ya wadatar da su duka biyun.

Ba waliyyi ba ne, kar in yi masa ƙarya yana kabari. Taurin kai gare shi. Bayan abin da ya faru sai hancinsa ya zame wa mutane fitina. A je barka da shi, sai ya tsaya a ƙofar mai jego yana jan iska, ya ce a ɗaga ledar nan. An sa masa suna Malam mai hanci, wasu sun daina gayyatarsa, wasu kuma, musamman masu yara masu tari, suka riƙa aikowa a ɓoye a ce ya zo. Wanda ya ce a gina masa ɗaki da taga ɗaya, sai ya tattara kayan aikinsa ya ce a nemi wani. Nasa maganin hawan jini kuwa sai an yi dambe yake sha.

Sau ɗaya ya gaya mini inda hancin ya samo asali. Ya tsufa a lokacin, kunyar da ke tsakaninmu ta yi laushi, har nakan zauna nesa kaɗan in yanke masa farce. Bayan la'asar ne. Ya ce yana yaro a Auyo yana da wata ƙanwa mai fuka. In ta tashi sai a shigar da ita ƙuryar ɗaki a toshe ko'ina a hura mata wuta, don kar sanyi ya same ta. Wata damina aka shigar da ita ba ta fito ba. Ya ce, "Ban san ko ɗakin ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma warin ɗakin nan bai bar hancina ba. Ranar da na tsaya a ƙofarki, shi na ji." Ya miƙo mini ɗaya hannun na ci gaba da yankan farcen.

Bana 'yata ta samu gurbin karatu a wani gari mai nisa, inda za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. Kowa yana murna ban da ni. Shekara goma sha biyar tana kwana a ɗakin da aka gyara dominta, yanzu za ta je inda ban san bangonsa ba. Baba ya ce in kwantar da hankalina, shi zai raka amaryarsa, ya shiga ɗakin ya duba, in bai yi ba a canja mata ko da za a kira masa shugaban makarantar. Har ya sa an wanke masa babbar rigarsa. Saura mako uku tafiyar ya kwanta. Kwana huɗu ya yi. Ana yayyafi Iya ta tashi za ta rufe masa taga, ya ɗaga hannu ya ce a bar ta. Da hantsin Litinin ya cika, cikin sauƙi, da kalmar shahada a bakinsa.

Na yi kukan rashinsa, amma in faɗi gaskiya har da kukan tsoro na yi. Wa zai duba mata ɗakin?

Ni da mahaifinta muka kai ta. Shi ya tsaya a waje, ni na bi ta da jaka. Ɗaki ne mai gado shida, wasu 'yan matan sun riga mu, iyayensu mata suna ta shimfiɗa. Ina shirin kutsawa sai na ga ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta cire takalmi. Ta shiga tsakiyar ɗakin ta rufe ido, ta ja iska a hankali ta hanci. Ta je ta ɗora tafin hannunta a bango, ƙasa-ƙasa, ta daɗe. Ta durƙusa ta ɗaga gefen wata tsohuwar leda da ɗaliban bara suka bari, ta duba ƙarƙashinta, ta naɗe ta ta fitar waje. Matan nan suka bar abin da suke yi suna kallonta. Tagar baya an liƙe ta da kwali, ta ɓamɓare shi, ta tura ta da ƙarfi har ta buɗe, labulen ƙofa ya motsa. Wata uwa ta ce, "Ke 'yan mata, sauro fa?" Ta ce, "Na zo da gidan sauro, Mama, har da na aro in wata ba ta da shi. Don Allah kar a kunna mai hayaƙi, ina da asma." Ta zaro abin shaƙarta ta nuna musu, ta ajiye a gefen matashi, a gadon da ke kusa da taga.

Sannan ta juyo ta dube ni. "Ɗakin nan zai yi, Mama. Yana numfashi."

Na ce to. Na fita da sauri na bar ta tana jera kayanta, don kar in ba ta kunya a gaban sababbin ƙawaye. A mota maigidana ya tambaye ni ko an duba ɗakin da kyau. Na ce masa Baba ya duba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alherin kowane numfashi da yarinyar nan ta ja cikin sauƙi. Allah Ya yalwata masa makwancinsa, Ya buɗe masa taga ta ɓangaren Aljanna, iskarta ta riƙa shigar masa har ranar da za mu tarar da shi.